Murhun Gidan Fatoma Abarshi

Tun kafin hantsi labari ya gama garin Gure: an kafa turaku a bakin dandali.

Gardin kumandan ne suka zo da fursunoni, suka ja igiya daga gindin tsamiyar mahauta har daura da ƙofar gidan Fatoma Abarshi. Tafinta ya hau kututture ya yi bayani. Ya ce tunda kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara bi ta Gure daga Damagaram zuwa Maine, Nasara ya ga bai dace baƙo ya sauka ya rasa inda zai sayi abinci ba. Za a gina otel, ɗakin cin abinci mai kujeru. A gefensa za a yi rumfar bal, wurin rawa irin ta Nasara, a rataya fitila mai famfo, a kunna garmaho, soja da masu tuƙin kamiyo su riƙa shan iska.

Sauran labarin a bakin rijiya Yakura ta ji shi.

"Kujeru fa!" in ji Yabawa mai ƙosai, tana jan guga. "Mutum ya ɗare kujera ya ci tuwo kamar biri a reshe, duk mai wucewa yana leƙa masa baki."

Wata ta ce, "Ke dai yi ta dariya. Liman ya ce duk inda aka kunna wannan fitila mala'iku ba sa sauka."

"Haka ya ce ranar da aka kawo keken ɗinki. Je ki duba bakin rigarsa yanzu."

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta yi tsaki ta ce samari tun asuba suke kewaya igiya kamar an ajiye musu amarya a ciki, kuma duk mai 'ya mace ya fara neman ƙaya ya ƙara wa darninsa.

Yabawa ta juye guga, murya ta sauka. "Ni kaskona nake tunani. In baƙo ya ƙoshi a can, wa zai waiwayi ƙosaina? Kun ma ji wanda aka ba wurin? Ibram. Kukun kumandan."

Idanu suka juyo kan Yakura ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa ta gyara gammo, ta ɗora tulu, ta juya. Sai da ta yi nisa ta lura rabin tulun kawai ta cika.

Yakura 'yar Fatoma Abarshi ce, bazawara. Mijinta na fari an ɗauke shi aikin tilas na hanyar kamiyon nan, aka dawo mata da rigarsa. Ta gama takaba ta koma gidan ubanta, ta koma inda ta baro tun tana budurwa, wato gaban murhu.

Fatoma shi ne mai saukar da fatake, sunan sana'ar ne ya bi shi. Masu kanwa daga Gidigir, masu gishirin Manga, masu raƙuma daga Kelle, duk a gidansa suke kwance kaya. Ya ba su ɗaki, ya shayar da dabbobinsu, ya ciyar da su safe da yamma ba a karɓi ko wuri ba. In sun tashi ciniki ta hannunsa ake bi, ya ɗauki la'adarsa. Mutanen gari suna cewa babu mai kyauta kamar Abarshi, tuwonsa ba shi da kuɗi. Masu faɗin haka maza ne, ba su taɓa shiga bayan zana sun ga wadda ke tuƙa shi ba.

A can da kuyangi ke wannan aiki. Da Nasara ya ce babu sauran bawa, suka watse. Aikin bai watse ba. Ya faɗa kan uwar Yakura har ya kai ta kushewa, ya faɗa kan Habsu matar ubanta har hayaƙi ya cinye mata ido, sannan ya faɗo kan Yakura.

Shi kuwa Ibram, a kasuwa ya fara ganinta, gaban mai albasa, suna jayayya kan wadda ta fi daɗin miya. Tun daga nan bai sake kuskure ranar kasuwa ba. Kawunansa sun kawo gaisuwa kafin damina, an karɓa. Abin da ya rage a sa rana.

* * *

Bayan la'asar ya zo, ya tsaya inda ya saba, gindin goriba a bayan gida. Fuskarsa cike da fara'ar da bai iya ɓoyewa ba.

Yakura ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"A bakin rijiya zan ji?" ta ce.

"Jiya da yamma kumandan ya gaya mini, Yakura. Na so in zo, aka yi baƙi."

"Ka ce masa to?"

"Wa ke ce wa kumandan a'a?"

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ka ce to da bakinka, ko da zuciyarka?"

Ya sunkuyar da kai, ya tona rairayi da yatsan ƙafa. "Da duka biyun."

Ta dafa goriba. Hawayen da ta riƙe tun safe suka sauko.

"A ƙofar Baba, Ibram. Duk faɗin Gure ba a sami wuri ba sai ƙofar Baba. Ya fito zaure ya tarar baƙinsa sun tsallaka dandali suna cin na saye a hannun mai neman 'yarsa."

"Ni na ja igiya? Ki saurare ni, don Allah. Tun ban kai tsawon teburin Nasara ba nake wanke masa faranti a Damagaram. Na yi gemu, har yau boyi ake kirana. Matar kumandan ta taɓa watsa mini miya a ƙirji don ta huce kafin ta iso tebur. Ga tabon nan. Yau an ce ga ɗaki, ga murhu, kai ne mai shi, babu mai kaɗa maka ƙararrawa. In ce ba na so?"

"Da bal ɗin? Da giyar sojan?"

"Bal ba nawa ba ne, wani mutumin Dahome za a ba. Ni abinci kaɗai."

"Bango ɗaya zai raba ku. Kana jin mutanen garin nan za su tsaya duba bango?"

"In na ƙi, shi mutumin Dahomen zai haɗa duka biyun. Otel dai sai an gina, ko da ni ko babu ni. Ni kuma a tura ni fasa dutse a hanya, don na kunyata kumandan. Kin fi kowa sanin yadda ake dawowa daga can."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ya san ya taɓa inda bai warke ba, ya jira har ta sauke.

"Yakura, dube ni. Baƙo nawa kika ciyar tun da kika dawo gidan nan? Wa ya taɓa tambayar sunanki? A can ni zan tsaya gaban wuta. Ke miya kaɗai za ki haɗa, ki koma inuwa ki zauna. Ina so in ga hannun nan da lalle, ba da ƙuna ba."

Ta dubi hannuwanta. Maganar ta shige ta fiye da yadda ta so.

"Baba zai ce namijin da ke sayar da dafaffe ba namiji ba ne."

"Ai ya san aikina ranar da ya karɓi goron kawunaina."

"Ranar nan kana dafa wa Nasara a bayan katanga, ba mai gani. Kuma kusa da kumandan kake, kowa na son suruki a bariki. Yanzu a tsakiyar dandali za ka ɗaura zane... za ka ɗaura ƙyallen nan naku a ƙugu."

"Zan nuna masa aikina ba abin kunya ba ne."

"Kada ka nuna masa komai! Ka ji ko? Kada ka motsa sai na yi magana da Ya Kaka. Ibram, ka yi mini alkawari."

Ya yi murmushi. "Ki daina kuka tukun."

Sai da ya ɓace a kwanar lungu ta tuna bai yi alkawarin ba.

* * *

Ya Kaka, uwar Fatoma, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓare gujiya da hannu mai rawa. Tsufa ya ɗauke mata haƙora, bai taɓa harshenta ba.

"Ga mai idon barkono," ta ce. "Zauna, kada ki jiƙa mini gujiya."

Yakura ta durƙusa ta zayyana mata komai. Tsohuwa ta saurara tana tauna dasashi.

"To, me kike so in yi?"

"Ki yi wa Baba magana. Ki ce masa sana'a sana'a ce. In kunya yake ji..."

"Kunya!" Ya Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wannan yaron da na haifa, wanda ke sayar da raƙumi mai ƙazuwa ya rantse lafiyarsa lau? Ke yarinya, kunya riga ce da ake sawa in za a fita zaure. Kina jin otel ne ke hana shi barci?"

"To mene ne?"

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa. Tsohuwa ta kama ta jijjiga.

"Wannan. Fatoma nawa ne a garin nan? Duk ɗakunansu ɗaya, la'adarsu ɗaya. Me ya sa masu kanwa ke wuce ƙofar wasu su zo nan? Kyawun gemun ubanki? Burabuskonki ne da miyar yakuwarki. Nasara ya gina otel goma, Buzu da Bamange ba za su hau kujera su ci burodi ba. Amma ranar da aka ce miyar gidan Abarshi ta koma can, wallahi ko a kan itace ne za su hau. Da Ibram zai kai ki bariki ya kulle, da sauƙi, an rasa ki amma ba a rasa ki ga kishiyar kasuwa ba. Yanzu fa?"

Yakura ta janye hannunta a hankali. "Ashe ba ni ake hana shi ba. Tukunya ake hana shi."

"Yau kika sani? Ni ma sai da na binne miji na gane."

"Malamai sun ce bazawara ita ke da ikon kanta."

"A littafi. Littafi ya taɓa ciyar da ƙannenki? Ki tafi, ba mai ɗaure ki. Habsu ba ta ganin bakin tukunya, ni ga hannuna. Baƙi su watse, la'ada ta tsaya, sai ki riƙa aiko mana da saura daga otel."

Sallama ta katse su. Umara ne, dillalin Fatoma, wanda ya girma a gidan har ba a yi masa shamaki. Tun kafin Yakura ta fita takaba yake aiko da turare, tana mayarwa.

Ya gaida tsohuwa, sannan ya karkato hula. "Yakura, barka da arziki. An ce za ki zama madan, uwargidan otel. In an kunna garmaho ki ajiye mini rawar farko."

"In ka iya tsayuwa ba ka jingina da Baba ba, sai a yi maganar rawa."

Ya Kaka ta ƙyalƙyale. Umara ma ya yi dariya, amma iyakarta haƙora.

"Ni dai ɗakina yana cikin gidan nan," ya ce. "Matar da na aura ba ta sauya ko murhu. Fatoma ya san haka."

Da ya fita, tsohuwa ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. "Kin ji ko? An riga an auna miki miji."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawan unguwa suka taru a ƙofar Fatoma don a yanke shawara ko za a je a roƙi kumandan ya janye igiyarsa. Baƙin gidan ma suka fito suka zauna a gefe. Yakura ta ajiye tsintsiya ta maƙale a jikin zana, inda wata ɓaraka ke kallon waje.

Kowa ya yarda abin ɓarna ne. Liman ya ce alamar ƙarshen zamani ce. Wani ya ce a Damagaram tun da aka buɗe irin wannan wuri 'ya'yan mutane suka koyi tafiya ba lulluɓi. Wani ya ce gari da ake sayar wa baƙo abinci albarka ta tashi daga cikinsa.

Sai Fatoma ya ce, "Madalla. Wa zai raka ni bariki gobe?"

Nan aka fara duban ƙasa. Sarkin pawa ya ce shi ƙafarsa na ciwo, ga shi kuma an riga an yi masa maganar nama. Mai itace ya ce a bari a ga yadda ginin zai kasance. Wani mai jakai ya tuna shi aka ce zai kawo ƙasar gini. Liman ya ce haƙuri shi ne maganin zaman duniya. Bakin da ya la'anci otel bai bushe ba, kowa ya riga ya san ta ƙofar da zai ci daga gare shi.

Fatoma ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Yakura ta ga jijiyar wuyansa ta tashi.

A daidai wannan lokaci Ibram ya ɓullo daga bakin dandali, cikin farar riga, riƙe da babban kwano mai murfi.

Yakura ta hango shi ta ɓarakar. Ta cusa mayafi a baki don kada ihu ya fita.

A gidan Nasara inda ya tashi, in ana son girmama babba, sai a dafa masa abin da aka fi iyawa a kai masa. Ibram da zuciya ɗaya ya zo. Bai tsaya ya tuna a Gure mai neman aure goro yake kaiwa, ko damin gero, ko rago a tsaye da ƙafafunsa ba. Dafaffe mata ke aikawa.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya tura kwanon gaba.

"Baba, ga ɗan abin da hannuna ya iya. Na ce a ɗanɗana, a ga ba ƙazanta muke yi ba."

Wani ya yi tari. Umara ya sa hannun riga ya toshe baki.

Fatoma ya ce, "Matso."

Ibram ya matso kaɗan.

"Matso nan, kusa da ni."

Ya buɗe murfi. Cinyar rago ce, ta sha albasa da man shanu, ƙamshinta ya kai har bayan zana. Fatoma ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga.

Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Tun ranar da aka karɓi gaisuwa, in Ibram ya doso Fatoma na cin wani abu, sai dattijon ya ja faifai ya rufe akushi, shi kuma Ibram ya sauya hanya. Wannan rufe akushin shi ne shaidar an ɗauke shi ɗan gida. Duk wanda ke zaune a wurin ya san haka.

Fatoma ya yi bismilla, ya yagi tsoka, ya kai baki, idonsa cikin idon Ibram. Ya tauna a hankali. Ya sake yaga. Ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, madalla da wannan hannu," ya ce. "Wallahi da mace ce, da na nema wa Umara."

Dariya ta fashe, har da baƙi. Fatoma ya tura kwanon gaban Ibram.

"Sa hannu, baƙo. A gidan nan ba ma sayarwa."

Yakura ta zuba wa Ibram ido. In ya sa hannu, ya yarda da bakinsa shi ba suruki ba ne. Ta ji kamar ta tsaga zana ta fita.

Ibram bai sa hannu ba. Daga durƙushen da yake, ya juya a kan gwiwoyinsa, ya ba Fatoma baya, ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi in ya yi kuskuren tarar da babba a kan akushi.

"Baba ya gama tukun," ya ce. "Ni ba baƙo ba ne a gidan nan."

Dariyar ta mutu.

Fatoma ya daɗe yana kallon bayan nan. Sannan ya ɗaga murya, ba don na waje ba. Ya san wadda ke bayan zana.

"Ga Liman nan, shaida ne. Bazawara ikon kanta gare ta, ni ban hana ba. Dandali ne tsakaninmu, ba kogi ba. Wadda ta ga za ta tsallaka, ta tsallaka. Amma ni Abarshi ba ni da 'ya a gidan da ake sayar wa baƙo tuwo. Ko gawata kada ta zo gani."

* * *

Ranar nan Yakura ba ta hura wutar yamma ba.

Ta shiga madafa ta zauna kan turmin da ta kifar, ta harɗe hannu. Gero yana jiƙe a ƙwarya, ba ta taɓa shi ba. Ƙannenta suka leƙo suka koma. Habsu ta lalubo bango ta zo ƙofa.

"Yakura, ban ji hayaƙi ba."

"Babu shi, Inna."

"Ki rufa mana asiri, 'yar nan."

"Na gaji da rufawa. Yau a buɗe, kowa ya ga abin da ake sayarwa a gidan nan."

Rana ta yi ja. Aka kira magariba, aka idar. A zaure baƙi sun shimfiɗa buzu sun wanke hannu kamar kullum, suna jira. Hira ta yi ta raguwa har ta ƙare. Daga nan Yakura ta ji abin da ba a taɓa ji ba a gidan da wannan lokaci: kukan raƙumi ana tayar da shi. Wani daga cikin masu kanwa ya fara ɗaure kaya.

Umara ya shigo da gudu ya tsaya tsakar gida. "Yakura, kin haukace? Mutanen Gidigir za su koma gidan wani!"

"Kai da ka ce matarka ba ta sauya murhu, ga murhu nan. Hura."

Ya juya ya fita yana zage-zage.

Ta zauna tana jin bugun zuciyarta. Tsoro ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai daɗi da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Gobe da safe za ta ɗaure kayanta. Ibram ya riƙe matsayinsa a gaban duk gari, da bayansa. Ita ma za ta iya.

Sai ta ji takun da ta sani.

Fatoma Abarshi, wanda tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ƙafarsa ta wuce ƙofar madafa ba, ya sunkuya ya shigo. Bai dube ta ba. Bai yi faɗa ba. Ya cire rawaninsa ya rataya a kan ƙyaure, furfura ta bayyana. Ya tattare babbar rigarsa, ya dafa bango, ya sauka kan gwiwoyinsa a gaban murhu, cikin toka. Gwiwoyin suka yi ƙara.

Ya jawo itace ya fara cusawa tsakanin duwatsu, manya a ƙasa, ƙirare a sama, duk a juye.

"Baba..."

"Zauna abinki. Baƙona ba zai kwana da yunwa ba ina da rai."

Ya kifa fuska yana hura toka mai sanyi. Ta tashi ta bulbule masa gemu da gira. Ya yi tari, ya sake hurawa.

A bakin ƙofa ƙannenta sun taru sun yi cirko-cirko, ƙaramin ya fara kuka. Bayansu Ya Kaka ce, dogare da sanda.

Yakura ta dubi hannun ubanta. Babu garwashi a murhun, bai kuwa shigo da ko ɗaya ba, bai aiki kowa ya ɗebo a maƙwabta ba. Mutumin da ya san farashin raƙumi daga jin takunsa ya san toka ba ta kamawa. Ba wuta ya zo hurawa ba. Jira yake.

Ta gane sarai. Ta ɗaga ido ta ga Ya Kaka ma ta gane.

Tsohuwa ta ce a hankali, "In za ki fita, yanzu ne. Kada ki sake dubansa."

Yakura ta miƙe. Ƙofa na gabanta, taku kaɗan. Ta sa ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa.

A bayanta dattijon ya sake hurawa, tari ya turnuƙe shi, ya kife da hannu ɗaya cikin toka.

Ta duba.

"Tashi, Baba," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Tashi, kada baƙi su gan ka haka."

Ta kama shi ta ɗaga, ta kakkaɓe masa riga, ta ɗauko rawanin ta miƙa masa da hannu biyu. Ya naɗa a tsanake. Tarin ya tsaya. Ya fita, tun bai kai zaure ba ta ji muryarsa ta dawo daidai, yana ce wa masu kanwa su sauke kaya, tuwo na tafe.

Ta durƙusa inda ya tashi, ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya ta sake jerawa.

"A ɗebo mini wuta gidan Yabawa," ta ce, ba ta juyo ba. "Ya Kaka, in ya zo gindin goriba gobe, ki fita ke. Ki ce masa ina aiki."